Riskuwa Illo da Goran Mahaifinta

An haifi Malama Riskuwa, wadda ta ƙi bin umarnin gidansu a kan goran kamun kifi, a garin Argungu cikin shekarar 1950. Mahaifinta Illo masunci ne, mahaifiyarta Ma'u kuwa tana sana'ar ƙyafe kifi.

Karatu da Aure

Ta yi firamare a Argungu, sa'an nan ta wuce makarantar horar da malamai a Birnin Kebbi, ta kammala a 1970. A 1972 ta auri Ummaru, manomin shinkafa a Zauro, inda take koyarwa da rana, da maraice kuma tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata.

Al'amarin Gora

Illo ya rasu a 1976, Riskuwa ta ɗauki babban goran da yake hawa cikin gulbi a matsayin gadonta. Ta zaunar da shi cikin baho cike da ruwa, tana dukan bakinsa da tafin hannu bisa saurin iyon masunta, sai ya ba da amo mai zurfi wanda ƙwarya ba ta taɓa bayarwa ba. Amma bisa al'adar zuriyarsu, goran da mace ta kaɗa ba ya sake shiga gulbi, fasa shi ake yi. Saboda haka ƙanen mahaifinta, Maiwada, ya umarce ta da ta kawo shi a fasa, in ba haka ba kada ta ƙara taka gidan. Amsarta, kamar yadda shaidu suka ruwaito, ita ce: "Baba, goran ubana na. Ku ya ciyar da ku da kifi, ni bari shi ciyar da ni da murya."

Yaɗuwar Kiɗan

A 1979 wani mai rikoda, Kalilu, ya naɗi waƙarta "Illo Bai Nutse Ba" a kaset, ta bazu daga Augie har Sakkwato. Tun daga nan ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Ta ajiye koyarwa, tana yawon biki da goran a ka, tana sauya kiɗan duk lokacin da aka fara kwaikwayonsa. Zuwa 1985 samarin unguwar Badariya a Birnin Kebbi sun ɗora jita a kan wannan amo, suka fitar da salon da suke kira 'yar-gulbi, mafi yawansu ba tare da sanin asalinsa ba.

Rasuwa

Ta rasu a Birnin Kebbi cikin watan Sha'aban na 1990 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura a nan. Ta bar 'ya'ya uku: Kulsumi, Tamba da Sadatu, wadda goran ke hannunta. Daga ranar da ta ƙi umarnin ba ta sake shiga gidan da aka haife ta ba. Mahaifiyarta ta rasu a cikinsa a 1984 tana kiran sunanta, Riskuwa kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, daga waje.