Kwaɓin da Ya Tashi a Kwangila

Ko da zan manta ranar da na buɗe shagona a Samaru, ba zan taɓa manta ranar da na fara yin burodi da hannuna ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na biyo ta Kwangila sai na ji kunya ta taso mini.

Shagon ƙarami ne. Ina sayar wa ɗalibai ƙananan burodin nan da ake tsagawa a zuba ƙwai da kifin gwangwani da kabeji. Saro burodin nake yi, kafin la'asar kuma ya bushe, sai na sayi ɗan oban, wato na'urar gashi, na ce ni ma zan riƙa gasawa. Abin da ya ruɗe ni fanke ne. A unguwarmu ba a biki ko suna ba a kira ni suyar fanke ba, don haka na ɗauka fulawa duk fulawa ce.

Matar fastonmu, wadda kowa ke kira Mama, ta ji labari. Ta ce in kawo guda sittin taron matan zumunta ranar Asabar da ƙarfe huɗu, in ya yi daɗi kuma ni zan riƙa kawowa duk wata. Ga shagon da hutun makaranta ɗaya ke kwantar da shi, wannan ba ƙaramin samu ba ne.

Burodi ba ya laushi sai an murza kwaɓin a inji, injin kuwa yana Sabon Gari, wurin wata dattijuwa Bayarbiya da muke kira Iya, haihuwar Muchia, Hausarta ta fi tawa. Tun jajibiri ta ja mini kunne: "Yis cokali biyu, 'yata, da ruwan sanyi. Kada ki ƙara." Na ce to. Da gari ya waye na dubi cokali biyu cikin wannan uban fulawa, na ce tsohuwar nan rowa ce kawai ke damunta. Na zuba shida, da ruwan ɗumi, yadda nake yi wa fanke.

Iya ta murza kwaɓin, ta latsa shi da yatsa, ta dube ni.

"Nawa kika sa?"

"Biyu, Iya."

"To, Allah Ya kai ku gida lafiya, ke da shi."

Tsakar rana ce, ga zafin bazara. Na shiga keke na ɗora bokitin a cinya. Muna isa Kwangila muka tarar tirela ta lalace, hanya ta cushe. Can sai na ji murfin yana motsi. Na danne shi da hannu, na ƙara da gwiwar hannu, kwaɓin ya ɓullo ta gefe abinsa. Kusa da ni wani dattijo ne cikin farar babbar riga, da alama ɗaurin aure za shi.

Ya ce, "Baiwar Allah, abin cikin bokitin nan mai rai ne?"

"Burodi ne, Baba."

"To ki yi masa magana, ya kama mini riga."

Mai keken ya waiwayo. Ashe ya taɓa aiki a gidan burodi a Chikaji. "Madam, naushe shi! Ki naushe shi iska ta fita!" Haka na buɗe bokiti a tsakiyar titi ina kai wa kwaɓi naushi, masu tallar ruwa sun zagaye mu suna kallo. Sau uku muka yi dambe da shi kafin Samaru, Baba kuwa ya tattare rigarsa ya koma gaba kusa da direba.

Na yanka, na mulmula, na gasa. A ido ya yi kyau, amma wani tsami ke tashi daga jikinsa. Na ce warin kifi zai rufe.

Bai rufe ba. A coci mata suka gutsira. Mama ta kai nata hanci, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ce, "'Yata, wannan burodin ta gidan burukutu ya biyo kafin ya zo coci?" Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa idona ya cika da ƙwalla, don na san cinikin ya tafi. Na tsaya gabansu na faɗi gaskiya, tun daga cokali shida har rigar Baba. Mama ta share hawayen dariya ta ce, "Ki sake kawowa wata mai zuwa. Amma ki kawo shi cikin hayyacinsa."

Ranar Litinin na koma wurin Iya, na durƙusa na ce shida na sa. Ta ce, "Na sani, tun daga ƙofa na jiyo shi." Ta ɗauko wani tsohon cokali ta miƙa mini, ta ce, "Wannan bai iya ƙirga ya wuce biyu ba."

Da shi nake awo har yau, kuma har yau ni ke kai wa matan zumunta burodi. Ranar ce ta koya mini cewa iya abu ɗaya ba ya sa mutum ya iya na kusa da shi. In wadda ta sani ta ce biyu, to biyu ne, ko da kuwa kin fi kowa iya fanke.