Akwatin Gem ɗin Malam Sammani

An ce mace ba ta kama sunan mijinta, to ni yau sai na kama, don haushinsa nake ji. Sammani ne sunansa, malamin lissafi a wata firamare da ke Ƙofar Kwaya, kuma ni Rukayya tunda nake ban taɓa ganin mai kara irinsa ba. Ka roƙe shi rigar jikinsa, zai cire ya miƙa maka, ya kuma tambaye ka ko ta yi maka daidai. Mata suna cewa na yi sa'ar miji. Su zo su zauna da shi mana!

Yana da amini tun na ƙuruciya, Aliyu. Suna yara akwai wani shagon gem a Ƙofar Durbi, mai dogon akwati da ake tsayawa a gabansa, ana murza sanda ana danna maɓallai, 'yan dambe biyu suna jibgar juna a allo. Sun sha bulala a kan shagon nan ba kaɗan ba. Yanzu cajin waya ake yi a wurin.

Bara hawan jini ya kayar da Aliyu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce a riƙa motsa hannun, in ba haka ba ya tafi ke nan. Aliyu ya ƙi. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya yi jifa da shi. Sai ranar da Malam ya tuna masa da shagon nan, aka ga ya yi dariya, har yatsun hannun suka ɗan motsa. Malam ya dawo gida jikinsa na rawa, ya ce, "Rukayya, zan haɗa mishi irin akwatin nan."

Wallahi na sha wahalar akwatin nan. Tsakar gidana ta cika da garin katako, har a miya muna cinsa. Ya samo tsohuwar talabijin da wata kwamfuta da aka yar, ya yanke min wayar dutsen guga bai ko tambaye ni ba. Maɓallan daga Legas aka aiko, manya kamar murfin kwalba, don yatsa mai nauyi ya iya dannawa. Sandar kuwa ta giyar wata matacciyar mota ce. Ya je ya auna kujerar da Aliyu ke zama, ya rage tsawon akwatin don kada sai ya miƙe tsaye. Na yi ta mita, amma a raina daɗi nake ji, don ban taɓa ganin ya nace wa abu haka ba.

Da ya gama, ya gwada, 'yan damben suka fito. Sai ya kwashe kayan cikin ya shafa shuɗin fenti, ya jingine akwatin ya bushe. Ya aika wa Aliyu cewa ranar Juma'a zai kawo.

Ranar Laraba sai ga yayarsa Hajiya Fatima, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita da ƙawayenta. Tana aurar da ɗiyarta, washegari jere, kuma kafinta ya yaudare ta bai gama kabad ɗin kicin ba. Tana shigowa idonta ya faɗa kan akwatin.

"Kai, Sammani! Ashe shiri kake ma ɗiyar taka a ɓoye? Allah shi yi maka albarka!"

Wata ta rangaɗa guɗa. Na ce, "Yaya, ai na mara lafiya ne, na Aliyu ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wasan yara ne magani? Ke hwa ba da ke nake ba."

Na juya na kalli Malam. Kalma ɗaya ce, a'a, ko yaron goye ya iya ta. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Yaya, a ɗauka." Don takaici, shi da kansa ya buga katakan jera tukwane a ciki, ya kuma kama aka ɗora a a-kori-kura.

Ranar Juma'a Aliyu ya sa aka yi masa wanka, aka fito da shi zaure tun hantsi. Malam ya je hannu rabbana, ya ce a ƙara haƙuri, zai sake wani. Matar Aliyu ta gaya min daga ranar bai ƙara yarda an taɓa hannun ba. Malam yana cikin yankan katakon na biyu aka aiko Aliyu ya cika.

Bayan sadakar arba'in muka je ganin ɗakin amarya. Ga akwatin nan a kicin cike da tukwane, an zura ludaya a ramukan maɓallai. Amaryar ta ce, "Kawu, ka iya aiki wallahi. Sai dai ya cika gajarta, kullum sai na duƙa. Da wa ka auna shi?"

Na buɗe baki zan gaya mata, Malam ya riga ni.

"Kuskurena ne," ya ce. "Ki yi haƙuri."