Sunan Ɗan Fari a Addu'ar Safe

Maigidana ne ya kawo mana addu'ar safe, kuma yadda ya saba kawo komai haka ya kawo ta, da ƙarfi. Ya je taron zumuntar maza na kwana uku, ya dawo murya a dishe, ko ruwa bai gama sha ba ya ce daga gobe ba mai fita gona, ba mai tafiya makaranta, ba mai hura wuta a gidan nan sai an taru a tsakar gida an yi sujada. Na ce to. A raina kuwa na ba shi sati biyu, don na san mutumina. Ya taɓa dawowa daga irin wannan taro ya ce shi zai riƙa ɗebo min ruwa, kwana huɗu ya yi aka daina jin zancen.

Wannan karon bai saki ba. Mu Kirista ne, 'yan gidaje ne namu a gefen garin Gwarzo, kuma maƙwabtanmu su ne agogonmu. Da mun ji takun masu dawowa daga sallar asuba a lungu, gari ya fara haske, sai maigida ya bubbuga ƙofofi. A shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiya, a yi waƙa ɗaya, ya karanta 'yan ayoyi daga Littafi, sai addu'a. Mu shida ne, ni da shi da yara huɗu, don haka ya raba mana kwanaki daga Litinin zuwa Asabar, kowa da ranarsa. Tasa Litinin, tawa Talata. Sai ya ƙara da wata ƙa'ida da ya ɗebo a wajen taron: mai addu'a ya ambaci kowa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, a daina yi wa iyali addu'a a dunƙule kamar ana auna hatsi.

Da na ji wannan gabana ya faɗi, saboda ɗana na fari.

Shekararsa goma sha takwas a lokacin, kuma bai cika shekara guda a gidanmu ba. A ɗakin mahaifiyata na haife shi, a ƙauyenmu da ke kusa da Kabo. Da lokacin yaye ya yi aka mayar mata da shi, ta riƙe, kamar yadda ake yi. Iya ce ta goya shi, ita ta sa shi makaranta, ita take tsokanarsa tana cewa mijinta. Ni kuwa Yaya yake ce min, saboda abin da ya taso ya ji ƙannena suna kirana ke nan. Sai da Iya ta rasu ya tattaro kayansa ya dawo wajenmu. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. Idan ina son kiransa sai in ce "kai", ko in aiki ƙanwarsa, idan kuma zancensa nake da wani sai in ce ɗan Iya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ni ma 'yar fari ce, har Iya ta koma ga Ubangiji ban ji sunana a bakinta ba, amma na san kwanon wa take ɓoye wa tsoka mafi girma.

Ranar Litinin ta farko na zuba wa maigida kunne in ji yadda zai yi, don shi ma ba ya faɗa. Ya rufe ido gam, ya faɗi sunan da sauri kamar mai haɗiyar maɗaci, ya wuce. Na ce lallai maza ba su da ta ido. Washegari tawa ta zo. Na ce maigida, kamar yadda nake kiransa kullum, bai damu ba. Na kira ƙananan uku da sunayensu. Da na zo kan babban, harshena ya tsaya cak. Na ce, "Da ɗan Iya, Ubangiji ka kiyaye shi." Aka ce amin, aka tashi, na ɗauka magana ta wuce.

A Talata ta uku ce auta, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta buɗe baki bayan amin ta ce, "Inna, ke ba ki san sunansa ba ne?"

Yara suka tuntsire da dariya. Na kai mata duka a cinya na ce ta tashi ta wanke fuska. Shi bai yi dariya ba. Ya naɗe tabarmar da ya zauna a kai, ya jingine ta, ya ɗauki fartanya ya fita ko koko bai sha ba.

Talata mai zuwa aka bubbuga ƙofarsa, ba ya nan. Da ya dawo da rana ya ce ciyawa ce ta ci ƙarfin masara, shi ya sa ya yi sammako. Maigida ya yarda, don damina ce kuma gaskiya ciyawar ta yi yawa. Ta gaba ma haka. Sauran kwanaki yana zama, yana waƙa, ranar Laraba da take tasa yana yin addu'a a natse, ya kira kowa, ni ya ce Yaya. Amma maigida bai lura da cewa Talata kaɗai ake rasa shi ba. Shi abin da ya gani, ɗa ya fara kauce wa sujada, kuma shi dattijo ne a ikilisiya, a wurin da ba mu da yawa, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Tsoro ya kama shi, tsoron maigidana kuwa da faɗa yake fita. Ya fara bincike: da wa yaron yake yawo, me yake kallo a waya, wa yake hure masa kunne.

Ni na sani. Tun ranar da auta ta yi maganar nan na sani, na kuma ja bakina na yi gum. Wannan shi ne laifina, ba na ɓoye shi. Gaya wa maigida dalili yana nufin in zauna in yi zancen ɗan fari da baki na, in nuna na damu da shi, abin da ban iya ba ke nan. Sai na bar shi yana zargin yaron da abin da bai yi ba.

A karo na huɗu maigida ya tare shi a zaure, muryarsa har bayan katanga. "Ni za ka mayar ɗan iska a garin nan? To ka ji da kyau. Duk wanda ya fi ƙarfin zama a kan tabarmar nan, ya fi ƙarfin kwana a gidan nan. Talata mai zuwa in buga ƙofa in tarar ba ka nan, ka nemi wani uban."

Yaron yana durƙushe, ya ce, "To, Baba."

Da yamma ina madafi ina tuƙa tuwo sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa ya same ni ni kaɗai ba. Ya tsuguna daga waje, yana wasa da wani tsinke a ƙasa.

"Yaya, na yi waya da Kawu. Ya ce ɗakina yana nan a Kabo."

Na ci gaba da tuƙi. "Sai ka gaya wa ubanka, ni mene ne nawa?"

"Ranar Talata zan zauna, kamar yadda Baba ya ce. Daga nan kuma sai abin da na ji." Sannan ya ce, "Daga safe zuwa dare ina jin sunayensu a bakinki, ko faɗa kike musu. Ban ce ki kira ni a tsakar gida ba. Amma ido a rufe, a gaban Allah, nan ma ba za ki iya ba?"

Raina ya ɓaci, don ya taɓa inda yake min ciwo. Na ɗaga muciya na nuna shi. "Kai, ka kiyaye ni! Wace uwa ka ji tana kiran ɗan fari kamar mai talla? Rashin kunyar 'yan boko za ka kawo min? Allah bai san sunanka ba ne sai na tuna masa?"

"Ya sani," in ji shi. "Ni ne ban taɓa ji ba."

Ya tashi ya tafi. Tuwon ranar ya yi gudaji, maigida ya yi ta mita.

Washegari na leƙa ta katanga wajen Hajiya, maƙwabciyata, wadda muka fi shekara ashirin muna aron turmi da rariya. Na kewaya na kewaya sannan na gaya mata. Ta riƙe haɓa. Ta ce nata ɗan farin yana da 'ya'ya biyar, har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma bai mutu ba. Ta ce yaran yanzu ne komai sai an faɗa musu da baki. Na ji daɗin maganarta ƙwarai, na dawo gida da ƙarfina. Amma daɗin bai kai azahar ba, domin nata ɗan a gabanta ya girma, ya san kalar tsokar da ake ɓoye masa. Nawa bai sani ba. Wadda ta san yadda ake nuna masa tana kabari.

Ranar Asabar na je gona ni kaɗai da sunan tsinko ganyen rama. Na shiga can tsakiyar dawa inda ba mai ganina, na duba gabas da yamma, na ce bari in gwada. Mace mai 'ya'ya huɗu, tsaye cikin dawa tana koyon magana. Na buɗe baki, sautin farko ya fito, sauran ya maƙale a wuya. Sai nake jin kamar Iya tana bayana tana kallona. Na gwada sau uku, zufa ta jiƙa min riga, na tsinki ramata na dawo.

Talata ta zo da hadari a gabas. Maigida ya buga ƙofa, yaron ya fito ya zauna a gefen tabarma. Maigida ya dube ni ya gyaɗa kai, wai shi faɗansa ya yi aiki. Ni kuwa na riga na hango jakar kayan yaron a zaure, an jingine ta bayan ƙyaure. Aka yi waƙa, ban san me aka rera ba. Aka yi karatu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai maigida ya rufe Littafi ya ce, "Uwar gida, ranarki ce."

Na ja addu'ar nan kamar ba za ta ƙare ba. Na yi wa damina, na yi wa marasa lafiya, na yi wa maƙwabta, na yi wa shugabanni da ban taɓa damuwa da su ba. Na ce maigida. Na kira ƙananan uku. Tsakar gida ta yi tsit, har ina jin numfashinsa daga inda nake. Na ce, "Da ɗana. Ɗana na fari. Ubangiji ka sa masa albarka."

Ban taɓa cewa ɗana a gaban kowa ba, kuma a ganina na yi abin da ya fi ƙarfina. Na yi sauri na rufe da sunan Yesu, aka ce amin.

Da na buɗe ido ya riga ya durƙusa a gaban ubansa. "Baba, na zauna kamar yadda ka ce. Ina neman izini zan koma wajen Kawu." Bai jira amsa ba, ya miƙe, ya ɗauki jakarsa a zaure ya fita.

Maigida ya zabura, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ku ƙyale shi! Kada wanda ya bi shi. Dama na san zuciyarsa ta bar gidan nan, ta bar Ubangiji."

"Ba Ubangiji ya bari ba," na ce. "Wata guda kana yi masa faɗa a kan laifina. Talata kaɗai yake gudu, kai da ka raba kwanakin ba ka ƙirga ba?"

Na bar shi baki buɗe na fita, ba mayafi, da silifas ɗin auta a ƙafa ɗaya. Yaron yana da sauri, kafin in fita lungu ya kai bakin titi inda 'yan acaɓa suke tsayawa. Wurin cike yake kamar kullum da safe: mai shayi da mutanensa a kan benci, mai ƙosai, masu jiran motar Kano, rabinsu sun san ni, sun san ko shi wane ne a wajena. Na hango shi ya ɗora jaka a kan tankin mashin ya hau baya.

"Kai!" na ce. Bai juyo ba. "Kai, ɗan Iya!"

Ɗan acaɓa ya buga mashin ya tashi. Abin da na kasa yi ido a rufe a cikin gidana, a gaban mutum biyar, shi na yi a bakin titin Gwarzo da iyakar muryata. Na kira sunansa.

Masu shayi suka juyo gaba ɗaya. Mai ƙosai, tsohuwa sa'ar Iya, ta rufe baki da hannu. Na ji kamar an tuɓe min zani a kasuwa. Mashin ɗin ya yi 'yar tafiya ya tsaya, na ƙarasa ina haki, yayyafi ya fara sauka. Bai sauko ba. Yana zaune, ya juya min rabin fuska, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ban ji ba. Ƙarar mashin ce."

Ya ji sarai, ni ma na san ya ji, ɗan acaɓan ma ya sani, don kashe injin ya yi ya sunkuyar da kai. Na tsaya dab da shi, mutane suna kallo, ba ihu yanzu, ba inda zan ɓuya. Na dubi fuskarsa, abin da rabona da yi tun yana jariri a ɗakin Iya, na sake faɗa a hankali.

Ya juyo ya dube ni sosai. Sannan ya sa hannu ya sauke jakar, ya ba ɗan acaɓa haƙuri.