Lambar Ɗaki da Lambar Hannu

Kun taɓa ganin mutumin da wayonshi ya ci idon ɗanshi, kuma har ya mutu bai yarda ya yi kuskure ba? To a gidanmu anka yi shi. Kakan Innata ne, Mainasara sunanshi, kuma wallahi ba don an hana zagin mamaci ba da kun ji abin da ke bakina.

Masunci ne, ɗan wani tsibiri cikin kogin Kwara ƙasa da Yauri. Kifi kam ya iya kamu, wannan ba mai ƙwace mashi. Amma shi a ganinshi tunda ya san inda giwan ruwa ke kwana to ya san komi na duniya, ko likita ya zo gaba nai sai ya gyara mashi zance.

Da za a tare ruwa a Kainji sai ma'aikata sunka zo tsibirin da bokitin fenti, suna bi gida gida suna rubuta lamba. Ɗaki lamba, rumbu lamba, har tsamiyar ƙofar gidanshi sai da ta samu tata. Ba a jima ba anka kwashe su zuwa sabon gari kusa da Wara, ruwa ya haɗiye duk abin da anka yi wa fenti. Ku riƙe wannan.

A sabon garin anka buɗe firamare. Mainasara na da yara biyu, Kulu wadda ita ce kakata, da ƙanenta Dudu, ɗan lelen uban. Sai malamin makarantar, Malam Bitrus, ya zo har gida ya ce gobe masu lamba za su zo, duk yaron da ba a yi wa ba ba shi shiga aji. Lamba nan fa rigakafin agana ake nufi, wadda ake yi a dantse ta bar tabo. Agana kuwa ciwon ƙuraje ne, in bai kashe ka ba ya tafi da idonka.

Mainasara ya aje komar da yake ɗinki ya ce, "Malam, sake faɗi, mi za a yi masu?"

"Lamba, Baba."

"An yi wa ɗakina lamba, ina ɗakin? An yi wa rumbuna, ina rumbun? Yanzu kun gama da ginin ƙasa kun dawo kan mutane ko?"

Malam Bitrus ya yi dariya ya naɗe hannun riga. "Baba ba irin waccan ba ce. Ga tawa, tun ina ƙarami, kuma ga ni gabanka lafiya lau."

"Kai ɗan ina ne?"

"Zuru."

"To kun ji! An yi mashi lamba an kwaso shi daga Zuru an yar nan, ba uwa ba uba, kuma shina dariya!"

Jama'a kun ji ilimi? Kuma akwai waɗanda sunka gyaɗa kai fa, wai Mainasara ya gano su.

Gari na wayewa ya saka Dudu cikin kwalekwale ya yi tsakiyar tafki da shi. Kulu ko ta kanta bai bi ba, mace ce, wa zai so ɗaukarta. Ita ko matarshi Tamada ta ja hannun yarinya sai layi. Kakata ta ce wata 'yar bindiga ce ake taka ta da ƙafa, tas, kamar cizon cinnaka, an gama.

Da ya dawo ya ga dantsen Kulu sai ya hau salati. Ya ce wa Tamada, "Kin sayar da ɗiya! Ɗaure mata kayanta, mota na nan tafe." Kasuwa uku shina zaune bakin ƙofa da mashin kifi shina jiran mota. Ko keke bai zo ba.

Shi ko Dudu makarantar yake so kamar ranshi. Kullum shina maƙale jikin tagar aji, kafin Kulu ta iya baƙaƙe shi ya haddace su daga waje. Malam Bitrus ya sake dawowa har sau biyu, ya ce Baba masu lamba na Wara ran kasuwa, ka bar ni in kai shi da kaina, yaron nan ya fi duk 'yan ajina kai. Mainasara ya ce ai shi ya sa kuke son shi.

Bayan damina agana ta shigo garin. Cikin yaran aji ko ɗaya ba ta taɓa ba. Dudu ta kama. Ya tashi da rai amma idon dama ya tafi, na hagu sai dishi-dishi, allo ko an manna mashi a hanci ba shi gani.

Tamada ta ce wa Mainasara, "Malam, ga aikinka nan."

Kun san mi ya ce? "Ke ba ki da tunani. Yaro dai ga shi cikin gida, wa ya ɗauke shi?"

Kulu ta gama firamare, daga baya ta samu aikin ungozoma a Yelwa. Ranar da za ta tafi da akwatinta mutumin nan ya fito tsakar gari shina ɗaga hannu, "Ban faɗa maku ba? Ga shi sun tafi da ita!"

Kaka Dudu na nan da rai, da lalube yake ɗinkin koma. Makon jiya masu rigakafi sunka zo makarantar ƙannena, sai ga wani ya turo murya a waya wai kar kowa ya yarda, shi ya gano sirrin. Na kunna ma Kaka Dudu. Da ya gama ji ya ce, "Ja'iri, tunda kai ka iya latsa abin nan, rubuta masu. Ka ce ni ba a tambaye ni ba, kuma ni ajin nake so."

To na rubuta. Don Allah in ka karanta kar ka bar shi a wayarka, tura ma duk mai yaro a makaranta, ka fara da mai wayon gidanku.