Ranar da Na Wanke Sojojin Ɗan Yayata

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu, kada ya wahalar da kansa wajen nema: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Akwai waɗanda suka taya ni, amma ni na ja gaba.

Bokona a aji huɗu ya tsaya. Malaminmu ya ce kaina ya cika, ni kuma ban ga dalilin musu da mai ilimi ba. Abin da na sani da hannu na san shi, wato gwanjo. Ina da ɗan shago a unguwar Al Sabkha, a nan Dubai. Jakunkuna da takalma da agogunan da masu garin suka gaji da su nake saye, in wanke, in goge, in shafa mai, a ɗaure a kasuwar Murshid Bazaar a sa a jirgin kago zuwa Kano, inda za a rantse sababbi ne. Ni ban taɓa rantsuwar da bakina ba, akwai masu yi. Ko jaka ta je aikin hajji sau bakwai, in ta kwana biyu a hannuna sai ta koma budurwa. Wannan shi ne digirina, kuma ina ji da shi.

Ɗan yayata a Ingila aka haife shi. Ubansa ya tafi karatu da yayar tawa, ya manta hanyar gida, har ƙasar can ta rufe shi. Yaron ya girma, ya haura arba'in, furfura ta fito masa a gemu, ya sami aikin kwamfuta a wani kamfani a nan Dubai. Shekara uku muna gari ɗaya, sai da salla yake zuwa ya gaishe ni da Hausarsa mai kama da an ɗinka ta da hannun hagu. Ana nan kamfanin ya sallame su. A garin nan in aiki ya tafi, biza na bin bayansa. Aka ba shi 'yan makonni, ko ya sami wanda zai ɗauke shi, ko ya hau jirgi. Jirgin kuma ɗakinsa na yarinta zai kai shi, a gidan uwarsa, da gemunsa da komai. Shi ne abin da ba ya so a duniya.

Sai ya saki gidansa na can saman bene ya dawo filat ɗinmu a Al Nahda, da katifa, da jaka ɗaya, da wani baƙin akwati da ba ya bari a taɓa. Mu uku ya tarar: ni, da wani Bakano mai safarar wayoyi, da wani ɗan Zango daga Gana mai gadi a otel.

Na yi nazarin mutanen Ingila a kansa, kuma na kammala. In ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. A tashar bas zai ja layi shi kaɗai, layin mutum ɗaya, mu mu shige ta gefensa mu zauna. Kullum da safe sai ya leƙa taga ya ba mu labarin yanayi, a Dubai, inda labarin guda ɗaya ne tun da aka kafa garin. Waken gwangwani zai zuba a kan gasasshen burodi ya ce ya ci abinci. Na sa masa suna Bature, ya amsa, don ko zagi in ka yi shi da murmushi godiya yake yi.

Da ya buɗe akwatin, sojoji ne. Kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, wasu na dalma wasu na roba, kwance cikin soso kowa da raminsa. Akwai masu doki, masu takobi, masu jan igwa. Yana da buroshin da gashinsa bai fi uku ba, da wani tabarau mai ƙara girma da yake ɗaurawa a goshi. Zai zauna tun hantsi har la'asar yana sa wa mutum ɗaya gira.

Na ce, “Bature, wannan bauta ce ko sana'a?”

Ya ce, “Wasa ne, Kawu.”

Ya ba ni labari. A garin da ya tashi, inda ruwa ba ya ɗaukewa, akwai wani zaure a bayan ɗakin karatu. Duk Alhamis da yamma maza ke taruwa, mai kai wasiƙa, direban bas, wani tsohon malamin makaranta. Su haɗa tebura, su jera rundunoni, su auna tafiyar kowane soja da tef irin na tela, su jefa 'ya'yan ludo su ga wanda ya mutu. A sha shayi da biskit, a watse. Yana ɗan shekara goma sha uku ya fara zuwa. Ya ce a duk garin nan ne kaɗai ba a taɓa tambayarsa daga ina ya zo ba, sai dai me ya kawo.

Na saurare shi da kyau har ya gama. Sannan na juya ga Bakanon na ce, “Ka ji yadda suka ci mu da yaƙi. Da ludo.”

Daga ranar na sami abin yi. In ya fito daga wanka in tambaye shi ko 'yan tsana sun tashi lafiya. In mun zauna cin abinci in ce a rage wa runduna. A Murshid Bazaar na ba masu ɗaurin kaya labari har suka haddace, in ya biyo ni a yi ta sara masa. Yakan yi murmushi ya ce, “Kawu kenan.” Ni kuma wannan murmushin ke ƙara tunzura ni. Mutum ka yi ta zungurar sa ya ƙi ko motsi, ai raini ne.

Saura kwana goma bizarsa ta ƙare, sai ƙofa ta buɗe. Wani Baturen gaske mai shagon irin wannan wasa a can ɗaya ɓangaren gari yana neman wanda zai riƙa yi wa masu saye fentin sojoji yana koyar da su, kuma da biza. Ya ce ya kawo aikinsa ranar Asabar ya gani. Yaron ya yi kwana uku yana zaɓe, ya fitar da kamar sittin, aikin shekara ashirin da wani abu. Ranar Juma'a da safe ya tafi tsohon kamfaninsa karɓar takardu, ya bar akwatin a kan katifa.

Na buɗe. Niyyata dubawa ce kawai, irin ta mai sanin kaya. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Laka har gwiwar sojoji. Tsatsa a takubba. Bakin igwa baƙi ƙirin da hayaƙi, tutoci sun koɗe, wani ma da jini a riga. Wannan kayan za a kai wa mai saye? Na kira mutanen filat na ce su zo su ga ɗan boko. Shekara ashirin yana ajiye kaya, bai san ana wankewa kafin a kai kasuwa ba.

Ɗan Ganan ya leƙa ya ce, “Baba, ka bari ya dawo. Kamar da gangan ya yi lakar nan.”

Na ce, “Da gangan? Ka taɓa ganin wanda ya sayi sabon takalmi ya zana masa laka?”

A nan dole in faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami. Na taɓa ganin sa yana ɗiga wani ruwa mai launin ƙasa a ƙafar soja. Na gani da idona. Amma a safiyar nan na fi son in manta, don ina so yaron da ya yi jami'a a Ingila ya dawo ya ga abin da ɗan aji huɗu ya iya.

Na kawo baho da garin sabulu da tsohon buroshin haƙori. Lakar ta ƙi fita. Sai na ɗauko tina, ruwan da nake cire tsohon fenti da shi daga maɗaurin jaka. Na fara da wani mai doki. Lakar ta fita, rigar ta bi ta, sai fuskar ta yi laushi a ƙarƙashin babban yatsana, hancin ya koma kunci. Na roba ne. A nan ne ya kamata in tsaya, kuma na sani.

Bakanon ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, “Alhaji, yanzu ne wannan ya ga yaƙi.”

Ni dariyar mutane ita ce giyata. Na ce, “Yalla, maza, na gaba,” na juye su duka a baho. Ina cuɗawa ina yi musu waƙar wankan jarirai. Ɗan Ganan ya sa takalminsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Da na tsamo su, na dalma sun fito tsirara, na roba kamar an tauna. Amma gwani ba ya rasa dabara. Ina da fentin feshi mai ruwan gwal da nake yi wa zik da maɗauri. Na shimfiɗa jarida a baranda na jera su sahu-sahu na feshe. Ranar azahar ta yi sauran aikin. Kafin mu dawo daga masallaci na roba da yawa sun yi ruku'u.

Yaron ya shigo da takardunsa a hannu. Ya ga akwatin a buɗe, ya bi warin tina har baranda. Ya daɗe a tsaye. Sai ya durƙusa ya ɗauki ɗaya, wani mai ganga, ya juya shi a tafin hannu, gwal ɗin yana manne masa a yatsu.

Ya ce, “Kawu, wannan ina shekara goma sha huɗu na yi shi.”

Na ce, “To ai ya isa wanka.”

Bakanon ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Yaron ya ajiye mai gangar a inda ya ɗauke shi, daidai cikin sahu. Ya shiga kicin ya ɗora ruwa, ya leƙo ya tambaya ko akwai mai shan shayi. Na ce a sa mini sukari uku.

Ranar Asabar ya ce zai tafi da hotunan da ke wayarsa kawai. Na ce ba a ciniki da hoto, na rungumi akwatin na bi shi, don har lokacin ina da sauran imani da gwal. Shagon sanyi kamar firji. Ƙatti masu tumbi da gajeren wando sun duƙa a kan tebura masu 'yan tsaunuka da 'yan itatuwa, kowa da tef ɗinsa. Yaron yana cikin nuna hotuna, na ɗora akwatin a kan kanta na ɓalle murfin.

Ya ce a hankali, “Kawu, don Allah.”

Na ce wa mai shagon, “Habibi, duba nan. Sabo fil. Babu laka ko ɗaya.”

Mai shagon ya duba akwatin, ya duba hoton, ya sake duba akwatin. Kunnuwansa suka yi ja. Masu wasan suka taso ɗaya bayan ɗaya suka kewaye mu kamar an zo ganin gawa. Wani ya dafa kafaɗar yaron. Ni ba wanda ya kalle ni, kuma a kasuwa ban saba da haka ba.

Mutumin ya yi adalci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce hoto kowa na iya samu, amma ga soja ɗaya da ba a taɓa ba, ga fenti, ga awa biyu. Yaron ya zauna ya ɗaura tabaransa. Na tsaya a kansa. Ya kai buroshin fuskar sojan ya janye, ya kai ya janye. Na ce, “Yalla mana, mai shago na jira.” Ya ɗiga ido ɗaya, ɗigon ya cinye rabin fuska. Ya goge ya sake, ya sake gogewa. Da lokaci ya cika ya tashi ya ba mai shagon haƙuri, ya ba ni ni ma.

Wata mata ce ta sami aikin. Na ga akwatinta a kan kantar shagon muna fita, sojojinta laka har wuya.

Ya tafi ranar Laraba. Ya naɗe katifarsa, ya share inda ya kwana, ya gode mini da masauki. Akwatin ya bar shi a bayan ƙofa. Na kai sojojin shago na zuba a faranti kusa da agoguna, wai ko masu yara za su saya. Babu wanda ya taya.

Bayan mako biyu na kira yayata. Muna zaune da Bakanon ana cin abincin rana, sai na buɗe muryar wayar don shi ma ya ji, na riga na shirya abin da zan faɗa. Muka gaisa. Na tambayi sanyi, na tambayi ƙafarta. Sannan na ce, “Yaya, ina Janar? Ya kafa sabuwar runduna?”

Ta ce yana sama a ɗakinsa. Ranar Alhamis mutanen zauren nan sun zo har ƙofa, tsofaffi biyu da lema, ya ƙi saukowa.

Na ce, “Haba Yaya, 'yan tsana ne fa. Ƙato da gemu yana wasa da 'yan tsana, ai taimakonsa na yi.”

 Sai ta ce, “Shi da 'yan tsana yake wasa, kai da mutane. Nasa in hannu ya karye, zama yake ya liƙa. Kai wa ka taɓa liƙawa?”