Ranar da Baba Ya Hana a Sa Wuƙa

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji uku. Na kai wa Baba fura a gonarmu ta shinkafa da ke bayan Auyo, sai na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin fadama. Sanmu na huɗa ne ya nutse cikin taɓo har ƙirji. Da igiya da itace aka ciro shi, amma ƙafar baya ta riga ta karye, ya kwanta yana numfashi sama-sama.

Kowa a garinmu ya san abin yi: dabba in ta kai haka, a yanka ta tun da sauran rai, mahauci ya ɗauki nama, a lallaɓa a sayi maraƙi. Kawu Sale, ƙanen Baba, har ya wasa wuƙa. Baba ya hana. Shi ya raini san nan da harawa da dusa, ni nake cire masa kaska kullum da yamma. Baba ya dage cewa zuwa la'asar san zai miƙe. Kawu ya ce, "Yaya, kada fa mu yi biyu-babu." Baba ya yi kunnen uwar shegu, ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo rai ya fita.

Babu wanda ya ce sanmu ya mutu, cewa aka yi ya zama mushe, kalmar da ake faɗa ana toshe hanci. Abin da nake shafa wa goshi jiya, yau ko taɓa shi ƙazanta ne. Aka ja shi aka yar, ungulaye da karnuka suka yi aikinsu, ƙwarangwal ya rage a bakin hanyar makaranta. Yara suna wasan ɓuya cikin haƙarƙarinsa, ni kuwa zagaye nake yi ta cikin ƙaya. Na ji haushin Baba ƙwarai, kuma na daɗe ina jinsa.

Ba mu sake ɗaure wani sa a gidanmu ba. Noma ya koma na hannu, gonar ta fi ƙarfinmu, aka sayar. A lokacin fadama cike take da shanu da hayaniyar masu huɗa. Yanzu ciyawar kachala ta shaƙe ta, ungulayen ma sun ɓace, sai ƙarar babura. Haushin ya tafi, tausayi ya zo bayan ba shi da amfani. Baba ya rasu yana ƙodago a gonar da dā tasa ce.