Muryar da Ba Ta Iso Kwamfutar Yaya Ba

Ɗan yayana tun yana ƙarami yake kwance rediyon gida. Ubansa mai gyaran agogo ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muka sa masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi har ya girma ya zama mai haɗa manhajar kwamfuta.

Da idon Yaya ya fara dushewa, bai yi kukan agogo ba, littattafansa suka fi tsaya masa a rai. Sai Injiniya ya zauna ya haɗa manhajar da za ta buɗe littafi ta karanta wa mutum da murya, ya sake ta ga duk mai so.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma daga baya ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce, "Baffa, muryar ba ni na yi ta ba, aro na yi daga aikin wasu. Kwamfutoci kuma kowace da halinta. A irin tawa muryar tana shiga lafiya lau. A wata irin kwamfutar kuwa, da an zo haɗa muryar da manhajar sai komai ya tsaya cak."

Mutane suka dame shi da ƙorafi. Don a zauna lafiya ya gyara: in an sami muryar a sa ta, in babu manhajar ta buɗe haka nan, ba ko tari.

Kwamfutar Yaya irin ta biyun ce. Injiniya yana aiki a nesa, ya turo manhajar, maƙwabci ya sa mana. In ya bugo waya ya tambaya ko tana karantawa, sai Yaya ya ce, "Aikinka ya yi kyau. Kai dai kana cin abinci, ko kwamfutar ce ke ba ka a baki?"

Ni amsar kawai nake ji. Ina ganin Yaya ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, hancinsa kamar zai taɓa allon, yana tsintar haruffa ɗaya-ɗaya. Na zaci haka abin yake. Yaya kuwa ba mai kushe aikin ɗansa ba ne.

Bayan rasuwar Yaya, Injiniya ya shiga ɗakinsa, ya kunna kwamfutar, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Littafin yana nan bai wuce shafukan farko ba.

"Baffa, yaushe ta daina magana?"

Na ce, "Au, da ma magana take yi?"

Ya daɗe yana juya gilashin nan a tafin hannunsa.

Yanzu ya sauya manhajar. In babu muryar, manhajar ba ta haɗuwa sam, sai ta rubuta da ja cewa ga abin da ya rage. Ƙorafi ya dawo, har wasu sun koma ta wani. Na taɓa ce masa ko zai sassauta. Ya ce, "Bar su su zage ni, Baffa. Ai mai zagi ya faɗa mini akwai matsala."